Ranar da Tankoki Suka Tsaya a Tsarnawa

Ranar jarrabawar satifika, da farkon daminar shekarar da na cika sha uku, na fito daga gida da safe sanye da sabuwar atamfa, irin wadda ban taɓa mallaka ba. Inna ta sayar da wake ta ɗinka mini ita. Na share garken awaki tun asuba, na ɗebo ruwa, na yi wanka har sau biyu don kada warin akuya ya bi ni. Gidanmu yana arewa da kwalta, lakwal, wato makarantarmu, tana kudu, kuma mushe, malaminmu, ya ja mana kunne cewa ƙarfe takwas za a rufe ƙofa. Na riga na maimaita ajin sau ɗaya, ba a kuma ba da dama ta uku.

Tun kafin in iso hanya na ji ƙasa tana rawa. Tankokin soja ne jere, fitilunsu a kunne ga gari ya waye, suna tafiya a hankali kan sarƙoƙinsu na ƙarfe da aka liƙa wa roba don kada su farfasa kwalta. Motar jandarma mai tuta ta riga ta wuce gaba. Ana cikin haka sarƙar wata tanka ta zame daidai rumfar mai shayi, sai jerin ya tsaya cak, daga wannan bakin gari zuwa wancan. Na taka zan bi tsakanin biyu daga cikinsu, wani soja ya tare ni da hannu. "Ɗiyata, ba a ratsa jeri sai motar baya ta wuce. Direba ta ɗan rami shika kallo, bai ganin ki." Bai daka mini tsawa ba, amma bai sauke hannun ba.

Akwai wata hanya, kuma duk yaran Tsarnawa mun san ta: kwalbatin da ke ƙarƙashin kwalta, inda muke ɓuya da rani. Sai dai an yi ruwa jiya, cikinsa laka ce da kashin jakai. Ƙawata Hajara ta cusa alƙalaminta cikin ɗankwali, ta ce, "Taho mu bi ta ƙasa, ke dai!" Na dubi bakin ramin, na dubi atamfata. Na ce mata yanzu za su tashi. Ta durƙusa ta shige da rarrafe, na hango ta ta ɓullo can ƙetare, baƙa ƙirin har wuya, mutane suna mata dariya tana gudu. Ni kuwa na tsaya tsaf cikin zafin injina da hayaƙi, ina hangen rufin lakwal ta saman tanka. Ina nan tsaye na ji an buga ƙarfen shiga. Tankokin ba su motsa ba sai wajen ƙarfe goma.

Yau Hajara malamar asibiti ce a Konni, in ta zo gida takan tsaya rumfata ta sayi albasa, mu yi dariya, ba mu taɓa tada zancen ba. Ko bara jerin sojoji ya sake wucewa, na riƙe hannun jikata har motar baya ta shige, don sojan nan gaskiya ya faɗa. Ban taɓa jin haushinsa ba, kaina nake jin haushi. Atamfar tana nan cikin akwatin Inna, ko ɗigon laka babu a jikinta.