Zakanyar da ba a amsa mata

Ina teburin mai shayi a unguwar Jekadafari, Sale direba ya nuna min bidiyon wata zakanya a gandun dajin da yake kai baƙi. Ita kaɗai ta rage. Kullum da yamma sai ta hau dutse ta yi ta ruri.

Na ce, "Wa take kira?"

Ya ce, "'Yar'uwarta, Baba. Ta daɗe da mutuwa."

Shayin nan bai shiga ba. Ni ƙanena Isiyaku yana garin Kwadon da ransa. Tun da ya sare tsamiyar mahaifinmu ba shawara, ba ma magana. Ƙarami ke gaida babba, ba zan fara kira ba.

Mutanen Kwadon, yana lafiya kuwa? Kada ku ce ni na tambaya.