Kabarin da Baffa Tanko Yake Shayarwa

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu na Agege da sassafe ya ga abin nan da idonsa, ba sai na rantse ba. Baffa Tanko, yayan babana, zai idar da alwala, ya ɗauki butarsa ya nufi wani dakalin siminti da ke tsakar gida, dogo, mai tudu kamar mutum a kwance. Sai ya durƙusa ya tsiyaye ragowar ruwan a wata 'yar tsaga da ke gefe, ya miƙe ƙyam, ya sara masa irin ta soja. Kullum fa! Mu da muka taso muka tarar da haka, babu wanda ya gaya mana komai, mu muka yanke wa kanmu cewa kabarin Kaka Sajan ne. Ko ƙwallo ta faɗa wurin, sai dai a haƙura da ita.

Kaka Sajan shi ne asalin mai gidan. Sojan Turawa ne. Da aka sallame shi bai koma Arewa ba, ya sayi fili kusa da layin dogo, ya shiga harkar goro, yana ƙara ɗaki yana ƙara 'ya'ya. Da ya rasu ba a raba gidan ba. Baffa ne babba, kuma duk wanda ya kawo masa maganar sayarwa amsa ɗaya yake samu, wadda har ta zame masa suna a unguwa: "Bar shi inda ka gan shi."

Maƙo kuwa, kai, Allah ya jiƙan Baffa! Ɗan mai goro ne fa, amma da farce yake ɓantarar goro ya miƙa wa baƙo. Wata rana surukinsa ya zo daga Ketu, aka miƙa masa, bawan Allah ya ɓare ya ɗauki ɓari guda cur. Baffa ya bi hannun da kallo har bakinsa, sannan ya ce, "Alhaji, ci ka zo yi ko sari?"

Da aka yi sabon liman a masallacinmu, labarin dakalin ya kai kunnensa, ya tako har gida.

"Baba, ba a binne Musulmi a tsakar gida, balle a riƙa sara masa. Wannan al'adar maƙwabta ce."

"Malam, ka taɓa jin na ce mutum ne?"

"To mene ne?"

"Bar shi inda ka gan shi. Ungo goro."

Liman ya karɓi abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya fita yana girgiza kai.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Yaya Sani, ɗan wani baffan namu da ya rasu. Albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, kuma burinsa a sayar da gidan ya sayi motar kansa. Ban ga laifinsa ba, haƙƙinsa ne. Amma mu fa? Innata tun rasuwar babana tana ɗakinta, ga sauran matan da mazansu suka rasu, ga jikoki birjik. In aka sayar, kason kowa ko banɗaki ba zai saya masa a Legas ba, watsewa kawai za mu yi. Gaskiya duk ranar da na ga Yaya Sani da baƙon takalmi a zaure, sai in leƙa in ga ko mai saye ya kawo.

Rannan ya kawo wani dillali da wani attajiri Bayarabe mai son rushe gidan ya gina shaguna. Baffa ya tarbe su da fara'a, har da shimfiɗa tabarma. Ana tsakiyar magana ya ce a ba shi minti ɗaya, ya ɗauki buta, ya je ya tsiyaya, ya sara. Attajiri ya cire hula. Cikin ladabi ya tambaya da Yarbanci ko za a iya ɗauke abin a kai wani wuri.

Baffa ya amsa masa da Yarbancin da ya fi nasa kyau: "In ka iya, bismilla. Amma zurfin da ke nan, wanda ya faɗa ba ya fitowa da ƙafarsa."

Wallahi mutumin nan hularsa ma a kan tabarma ya bar ta. Baffa ya sa ta har ta tsufa.

Bara Allah ya karɓi abinsa, Baffa ya rasu. Washegarin addu'ar bakwai aka taru a tsakar gida, Yaya Sani ya ce yanzu sai a san yadda za a yi da kabarin Kaka. Sai Gwaggo Ladi, ƙanwar Baffa mai sayar da atamfa a Jankara, ta fashe da dariya har tana share hawaye da mayafi.

"Kabarin wa? Babanmu yana maƙabarta tun kafin a haifi uwarka! Rijiya ce, ja'irai! Da aka kawo famfo, akuya ta faɗa, aka rufe ta da siminti har da dogon kwamin da ake wanke goro a ciki."

Na ce, "Gwaggo, to ruwan da yake zubawa fa?"

"Mayar mata yake yi! Tanko ne zai zubar da ragowar ruwa a ƙasa? Sarawar kuma ta Baba ce, da hannunsa ya haƙa ta."

Aka yi ta dariya, har da masu kuka. Ni kuwa ban yi dariya ba, don na gane abin da ya faru: babu kabari, babu abin da zai kori mai saye. Na dubi Innata, ta sunkuyar da kai.

Yaya Sani ya kira dillalin nan, ya sa aka kawo guduma don ya gani da idonsa. Da simintin ya tsage, wani sanyi ya bugo mu. Ga ruwa can ƙasa yana ƙyalli. Gwaggo ta zura guga ta jawo, ta ce da shi aka yi wa duk iyayenmu wankan haihuwa, kuma layin nan kaf a nan suka sha. Ta kamfata ta shafa wa Yaya Sani a fuska kamar yaro, ta ce, "Ga hannun kakanka."

Ya daɗe a tsugune. Dillali ya gaji ya ce, "Oga Sani, yaya ne? In kira mutumina?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Bar shi inda ka gan shi."

An raba gadon yadda shari'a ta ce, ɗaki-ɗaki, kowa ya san nasa. Yaya Sani ya ba da nasa haya, yana tarin motarsa a hankali. Innata tana ɗakinta. An yashe rijiyar, kuma duk ranar da famfo ya ɗauke sai ka ga layin bokitai har bakin titi. Ni ma yanzu in na idar da alwala, ragowar ba ƙasa nake zubarwa ba.

Allah ya jiƙan Baffa Tanko, ya yafe masa goron da ya hana mu. Ya Allah, shekaru ya yi yana tsare mana inuwa da buta ɗaya. Ka sanyaya makwancinsa, ka shayar da shi daga Alkausara, ka ba shi ya sha har ya bar saura.