Ranar da Ibolya Ta Ƙi Shiga Mota

Ibolya Rostas matsoraciya ce, kuma ba ta ɓoye wa kowa. Shekara talatin ta yi tana gyaran barkono a kamfanin gwangwani na garinsu, a arewacin Hungary, ba ta taɓa haɗa ido da shugaban aiki ba. A kanti ma, idan aka bi ta da kallo don ita 'yar ƙabilar Romawa ce, tsirarun da ake yi wa kallon ɓarayi, sai ta buɗe jakarta tun ba a tambaye ta ba. Mijinta Kalman yakan ce, "Ke dai da inuwarki za ta yi tari, a kan bishiya za ki kwana."

Kalman ya rasu ranar Alhamis. Washegari wasu 'yan daba masu baƙaƙen riguna suka sauka garin da takalman soja da karnuka, wai sun zo koya wa Romawa hankali. Bara a wani ƙauye irinsu suka cinna wa gidan ƙarshen layi wuta, suka harbe mai gidan yana fitowa. Gidan Ibolya shi ne na ƙarshe a layinsu.

Da hantsi aka kawo motoci biyu a kwashe mata da yara. 'Yarta Aranka ta shigo a guje.

"Inna, tashi! Direba ba zai jira ba."

"Babanku fa?"

"Baba ai ya tsira, Inna. Ke ce saura."

"Ba a barin gawa ita kaɗai kafin a rufe ta. Kin sani."

"Su Kawu Bela suna nan."

"Suna bakin gada da sanduna. Wa zai zauna da shi? Kyandir?"

Ibolya ta ɗauko ɗankwalinta. Aranka ta ɗaura mata tana kuka, sannan ta ja yaranta ta fita.

Ibolya ta matso da kujera kusa da akwatin gawar. Ta ji tashin motocin. Da rana ta take sai ga ƙarar takalma, da waƙa, da haushin karnuka. Dutse ya fasa taga, gilashi ya zubo kan rigar zuwa coci da ke jikin Kalman. Ƙofar baya a buɗe take, ga gonar masara ko taku goma babu. Ta kalli ƙofar, sai ta durƙusa a gefensa tana tsince gilashin ɗaya bayan ɗaya, har takalman suka yi nisa.

Ranar Asabar mutum bakwai suka kai Kalman makabarta. Ita ce a gaba, yatsunta biyu a naɗe da tsumma.