Yadda Na Sa Hedimasta Ya Kalli Bango

Da aka tura ni koyarwa wata firamare a wani ƙauye gaba da Toranke kaɗan, ji nake duk ƙasar Ajingi ba wanda ya kai ni sanin yara. Takardar shaidata ta kwalejin horon malamai ko ninkewa ba ta yi ba. Kullum da safe in hau babur ɗin haya daga Gaya, in sauka ina karkaɗe hijabi, ina tafiya kamar wadda aka aiko ta gyara duniya.

Cikin duk abin da aka koya mana akwai shawarar da na fi riƙewa. Wani malaminmu mai siririn gemu ya sha gaya mana cewa in za a yi wa yaro magana a sauko daidai tsayinsa, a haɗa ido da shi, nan take zai saki jiki. Na rubuta wannan da jan biro, na ja masa layi biyu. Abin da bai gaya mana ba shi ne a wane gari ya gwada.

'Yan aji biyu aka ba ni. Yara ne masu surutu kamar kasuwar kaji, ban da guda ɗaya. Wata 'yar Fulani ce siririya, daga rugar bayan makaranta take zuwa, wurin zamanta can kusurwa jikin taga. Sati uku ban ji muryarta ba. In ana karatun taro ina ganin bakinta yana motsi, amma da na ce, "Ke, tashi ki karanta," sai ta miƙe ta zuba wa yatsun ƙafarta ido kamar yau aka ba ta su.

Dokar hedimastanmu kuwa guda ce. Ƙarshen zango yakan zo da kansa ya sa kowane yaro karanta shafi ɗaya a gabansa, wanda ya kasa ya maimaita aji. Kakar yarinyar, wadda ke kawo mana nono lokacin hutun tara, ta ji labarin dokar. Ta sauke ƙwaryarta ta ce da ni, "Malama, in dai aka ce ta maimaita, to ta maimaita a gida. Ƙafafuna sun gaji, ga ƙwarya tana jiran ta."

Maganar nan ta tsaya min a rai. Washegari na ce yau za a ga aikin jan biro.

Na kira yarinyar gaban aji, ta fito ta tsaya. Na tattare hijabi na tsuguna a gabanta ina murmushi. Yarinya na ganin Malama a ƙasa ita a tsaye, sai ta zube ta durƙusa. Na ce a raina, ai ba ki san ni ba. Na zauna daɓas a kan siminti. Ita ma ta zauna, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi. Na karkato da wuya ina leƙen fuskarta ta ƙasa, sai ta miƙe ƙafa ta kwanta rub da ciki.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa zuciya ta riga ta ɗebe ni, na kishingiɗa na ɗora kunci a ƙasa, ina cewa, "Kalle ni mana, 'yar albarka, kalle ni."

Ashe sauran yaran ma abin ya dame su. Ta yaya za su zauna a kan benci Malama tana ƙasa? Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zamewa. Kafin in ankara duk ajin an baje a siminti, an yi tsit, wani ma har ya rufe ido.

A haka hedimasta ya leƙo. Dattijo ne mai jiki, ba ya rabo da babbar riga. Salatin da ya saka sai da 'yan aji shida suka jiyo. Ya zaci iska ce ta buge ajin gaba ɗaya, ya shigo da baya-baya yana karanto addu'a yana tofawa hagu da dama, har ni na samu rabona a goshi. Na tashi zaune, rabin fuskata fari fat da ƙura.

"Malama, lafiya? Me kuka gani?"

"Ranka ya daɗe, dabarar koyarwa ce."

A ofis na yi masa bayani tiryan-tiryan, har na buɗe masa shafin jan biro. Ya saurare ni bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To madalla. Amma tun da kika shigo kike wa takalmina wannan bayanin. Ko shi ne hedimastan?"

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Gaskiya ce, ni da kaina ban taɓa tsayar da ido a fuskar babana ba, sai ga ni ina so 'yar shekara bakwai ta yi abin da aka raine ta a kan kada ta yi. Na gane kuskurena, amma ganewar ba ta sa yarinya ta yi karatu ba. Kwanaki suna ta tafiya, ni kuma kullum in ga ƙwaryar kakarta sai in tuna maganarta.

Wata Laraba, ana saura kwana tara hedimasta ya zo, aka fita hutun tara. Ban lura yarinyar ta zauna a kusurwarta ba. Kaina yana sarawa, raina a ɓace, na ɗauki alli na huce a kan allo. Na rubuta da manyan baƙaƙe: NA GAJI DA WANNAN AJI.

Sai na ji wata 'yar murya a bayana. "Na... ga... ji..."

Na juyo da sauri. Shiru, tana kallon yatsun ƙafa. Na mayar da fuska allo. "Da... wan... nan..." Na sake juyowa, ɗif, kamar rediyon da batirinsa ke kwance. Na koma na tsaya ƙiƙam, hancina ya kusa taɓa allo, har ta kai ƙarshe. Sannan ta ce a hankali, "Sannu, Malama."

Wallahi sai da na ji kamar in haɗiye allin nan. Na goge da gefen hijabi, na rubuta wani layin, ta karanta. Na ƙara wani mai wuya, ta karanta. Ashe duk abin da nake koyarwa tun ranar farko yana cikin kanta, idona ne kawai yake toshe mata baki. Daga ranar na koma koyar da ita da ƙeya. Yara suka saba, da an zo kanta sai su ce, "Malama, juya."

Saura hedimasta. Shi kuwa in yana gwaji zama yake a kujera, ya sauke tabarau kan hanci, ya kafe yaro da ido. Ranar da ya zo, yara suka yi ta wucewa har aka zo kanta. Ta fito da littafi, ta tsaya, kai a ƙasa. Ya ce, "Bismillah." Shiru. Ya sake cewa. Shiru. Na ga ya ɗaga biro zai rubuta, ta taga kuma na hango kakar tana sauke ƙwarya a gindin darbejiya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ranka ya daɗe, don Allah ka tashi ka kalli bango."

Ya cire tabarau. "In yi me?"

"Bango, ranka ya daɗe. Minti biyu kawai."

"Wata dabarar ce kuma? Kwanciya za mu yi?"

"A'a, wannan a tsaye ake yin ta."

Ya daɗe yana dubana, ni kuma ina duban takalminsa. Can ya yi ajiyar zuciya, ya tattara babbar riga, ya je ya tsaya a kusurwar da muke tsayar da masu makara, ya juya mana baya. Na je gefensa na tsaya. Yara suka ga manya suna kallon bango, su ma duk suka juya, har da mai toshe ido da hannu.

Muryar ta fito, siririya, tana rawa. Layi na farko, na biyu. A na uku ta daina rawa. Tana tafe tana ƙara ƙarfi har na tabbata ana jin ta daga gindin darbejiya. Da ta tsaya numfashi, hedimasta ya yi gyaran murya, fuskarsa na bango, ya ce cikin ladabi, "To, in juyo?"

Ta ce, "A'a, Malam. Saura layi biyu."

Ya ce, "To," ya gyara tsayuwa.

Ni dai na gode wa Allah da bango nake kallo, don hawaye ne ke zubo min har haɓa, kuma ba wanda ya gani.