Tanti Domnica da Sa'ar Tsohon Tela

Tanti Domnica ta ƙare ƙuruciyarta tana auna magani a wani kanti kusa da tashar jiragen ruwa ta Braila, kuma ko da ta yi ritaya ba ta daina aune-aune ba. Mace ce da ba ta yarda da kowa. In mai kifi ya rantse mata na yau ne, sai ta ɗaga ta shinshina. Bayan mijinta ya rasu, 'ya'ya sun tafi Italiya neman abinci, sai ta zama ta huɗu a teburinmu na wasan kartar da ake kira poka, duk Lahadi in an taso daga coci. Akwai ni da na yi tuƙin jirgin fito, da Tache mai shagon kofin da muke zama, da Nea Gherasim tsohon tela. Da farin wake muke yi a maimakon kuɗi, wanda nasa ya fara ƙarewa shi ke sayen kofi.

Ita ba ta san wani abu sa'a ba, lissafi ta sani. Ta sha ce mini, "Kai matuƙi, kana riƙe da karta huɗu masu hoton zuciya kana jiran ta biyar. Tara suka rage cikin arba'in da bakwai da ba ka gani ba. Sau ɗaya cikin biyar ke nan. In waken tsakiya bai ninka abin da za ka zuba sau huɗu ba, ajiye ka sha kofinka." Da wuya ka ga ta sayi kofi.

Sai ga shi da bazara Nea Gherasim ya fara cinye mu. Mutumin da a da in ka yi tari zai ajiye karta, yanzu shi ke tura wake da hannu biyu, fuska a sake. Mu kuwa sai mu tsorata mu ajiye, ya kwashe ba tare da ya nuna abin da ke hannunsa ba.

"Ba ya yiwuwa," in ji Tanti Domnica. "Hannu mai kyau ba ya zuwa wa mutum ɗaya haka. Akwai wata a ƙasa."

Ta zo da sabuwar karta a leda, ya ci. Ta sa Tache ya rufe madubin bango da tawul, ya ci. Ta ce ƙarar cokalin Tache a kofi alama ce yake ba shi.

"Haba Tanti, sukari nake juyawa!"

"Juya shi a kicin."

Har ni ba ta bari ba. Ta tare ni a bakin kogi tana tambayata me ya kai ni gidan tela ranar Talata. Na ce wando na kai. Ta ce in nuna mata wandon.

Wata Lahadi ta ƙudura sai ta ga hannunsa ko da wakenta zai ƙare. Ya tura, ta bi. Ya ƙara, ta bi. Ya shimfiɗa kartarsa yana murmushi. "Zuciya biyar, 'yar'uwa."

Muka leƙa. Huɗu ne masu zuciya. Ta biyar ja ce dai, amma mai kusurwa huɗu.

Tache ya buga tebur. "Ashe ɓarawo muke zama da shi!"

Ita kuwa ta juya wajen tela. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zaro karta ɗaya ta ɗaga daga inda take zaune. "Nea Gherasim, wannan nawa ce?"

Ya ƙanƙance ido. "Takwas."

Shida ce.

Ashe yanar ido ce ta rufe masa gani tun hunturu. Ja da baƙi kawai yake rarrabewa, sauran duk zato ne. Yakan ɗauka hannunsa ya haɗu alhali babu komai, shi ya sa ba mu taɓa ganin ƙarya a fuskarsa ba. Ya riƙe gefen tebur ya dube mu. "Don Allah kada ɗana ya ji. Sayar da gidan zai yi, ya kai ni gidan tsofaffi."

Ba wanda ya faɗa wa ɗan nasa. Ita ce ta yi ta kai shi wurin likitan ido a garin Galati cikin bas, tana riƙe da hannunsa tana yi masa faɗa, har aka kankare yanar. Da kaka ya dawo tebur da sabon tabarau, ya koma tsohon matsoracinsa, yana sayen kofi kusan kowane mako.

Ran nan muna tafiya gida ta ja hannun rigata, ta rage murya. "Likita ya ce na hagu bai lalace sosai ba. Ka gane? Na hagu yana gani."

"Haba Tanti, ki bar bawan Allah ya huta."

"Ni dai ina lura da shi," in ji ta, ta shige lungunsu.