Ladabin Maigadi a Ofishin Sulhu

Kalsum ba ta san dattijon ba, tafinta kawai aka kira ta ta yi a ofishin sulhu na masana'antarsu da ke Isolo. Maigadi ne, mutumin Nijar, shatin yatsu kwance a kuncinsa. Yana tuɓe takalma a bakin ƙofa, ya durƙusa gefen kujerar da aka nuna masa, idonsa a ƙasa. Shugaban leburorin da ya mare shi yana zaune, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Baba, ɗago ka dubi Oga mai sulhu," ta raɗa masa.

"Haba ɗiyata, a dubi babba cikin ido?"

Wataƙila shekara sittin ke nan ana yaba masa wannan ladabi. Oga mai sulhu kuwa ya ja takardar sallamar dattijon daga aiki, yana cewa mai gaskiya ba ya sunkuyar da kai.