Jar Saniyar da Ta Fito Baƙa

A duk shekarun da na yi ina ɗaukar hoto a Dakoro, akwai yini guda da ba zai taɓa fita daga raina ba. A ranar ne na kusa ɓata wa aminin mahaifina hoton da ba shi da maimaici.

Ɗaukar hoto gado ne a gidanmu. Mahaifina ya bar mini kyamararsa da ɗan ɗakin duhu a bayan zaure, inda muke wanke fim. Ko bayan da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, ban bar hoton baƙi da fari ba, kuma fim iri ɗaya nake sa wa kyamarar, wanda mahaifina ya koya mini aiki da shi. Na san yadda yake jure ranar tsaka, da yadda yake fito da zanen fuskar baƙin mutum a ƙarƙashin farin rawani, da minti nawa yake so a cikin magani idan na sanyaya ruwan a randa. Ban taɓa yin tunani kafin in danna ba. Hannuna ya riga ya sani.

Wani Alhaji mai shago a Maraɗi ne yake kawo mini shi daga Najeriya. Wata rana na je karɓa, sai ya dube ni ya girgiza kai.

"Malam, wanga fim naka ya ƙare. Ba wurina kaɗai ba, masu yin shi ne suka daina."

"Alhaji, ta'aziyya kake yi mini ke nan?"

"Allah shi jiƙan shi. Ga ƙannensa biyu, ka zaɓi wanda za shi gaje shi."

Na ɗauko biyun na dawo gida na gwada. Na ɗauki farin bangon masallacin unguwarmu, da buhunan hatsi a bakin kasuwa, da inuwar bishiyar dogon yaro a kan yashi. Na farko ya fito sumul, farinsa tas, baƙinsa mai zurfi, har na ji kamar tsohon fim ɗina ne ya dawo. Na biyu kuwa yana da tsaki-tsaki, kamar an watsa masa rairayi. Ban ɓata lokaci ba na zaɓi na farko, na jefa ragowar na biyu a cikin akwati. Sai daga baya na lura cewa a duk gwajin da na yi babu mai rai ko ɗaya, ba mutum, ba dabba. Akwai kuma ɗan rubutu a gefen kwalin da ban tsaya na karanta ba.

Kwanaki kaɗan bayan haka aminin mahaifina ya yi mini sallama. Manomi ne, tsoho, muna kiransa Baba. Shekarun baya fari ya kashe masa dabbobi duka, sai wani abokinsa Bafillace ya ba shi jar karsana habbanaye. Al'adar ita ce ka riƙe saniyar har ta haihu maka sau biyu ko uku, ƴaƴan naka ne, uwar kuma ta koma ga mai ita. Ta haifa wa Baba uku. Lokacin mayarwa ya yi, garken Bafillacen kuma zai yi arewa bin ciyawar damina a ranar da za a karɓe ta.

"Ɗana, hoto nake so da ita kafin ta tahi," in ji Baba. "Ba na waya ba. Irin na babanka, wanda ake ratayewa."

Na isa gidansa da hantsi. Ya sa babbar rigarsa mai shuni, ya tsaya ya dafa wuyan saniyar, ita kuma ta ɗaga dogayen ƙahoninta kamar ta san abin da ake yi. Na ɗauka sau shida, na ce masa ya zo bayan azahar ya gani. Ina fita na haɗu da Bafillacen yana shigowa da igiya a hannu.

A ɗakin duhu, tun hoton yana cikin magani na ga alamar matsala. Na jira ko saniyar za ta rabu da rigar, ba ta rabu ba. Jikinta, da rigar Baba, da fuskarsa, duk sun haɗe sun zama baƙin dunƙule guda, ƙahoni biyu farare sun fito daga samansa. Na ɗauko kwalin na karanta rubutun nan. Fim ɗin irin wanda ba ya ganin launin ja ne, duk abin da yake ja baƙi yake mayar da shi. Shi ya sa bango da buhu suka yi masa kyau.

Baba ya zo, na miƙa masa takardar da sauran danshinta. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya sake kusantowa.

"Wagga ta wa ce?"

"Taka ce, Baba."

"A'a. Ni ban taɓa kiwon baƙar saniya ba. Wannan da ke tsaye ma ban san shi ba."

Bai yi faɗa ba, ya ajiye takardar a hankali a kan benci. Wannan ajiyar ta fi mini zagi zafi. Na tambaye shi inda garken yake, ya ce suna shayarwa a rijiyar hanyar Korahane, da la'asar za su ɗaga. Na buɗe akwati na ɗauko fim ɗin da na raina, na karanta kwalinsa daga sama har ƙasa, na sa shi a kyamara. Na goya Baba a moto muka kama hanya, yashi yana ta jan tayar baya, shi kuma yana riƙe da rawaninsa da hannu ɗaya yana cewa in yi sannu, hoton gawa ba shi da amfani.

Mun iske an gama shayarwa, shanun gaba har sun fara miƙewa. Jajayen shanu ne cike da fili, ni ban iya bambanta ko ɗaya ba. Bafillacen ya hango mu ya tako yana dariya, sanda a kafaɗa.

"Kaɗo, ka biyo ta? Ko uku ba su ishe ka ba?"

"Rufe mini baki. Yaron ga ne ya maishe ta baƙa."

"Baƙa? To ai ba tawa ba ce. Ku je ku nemi mai ita."

Ya ja mu da wasa har sai da na fara duban rana. Sannan ya juya ya yi kira ɗaya. Daga tsakiyar garken saniyar ta ɗago kai ta fito, amma ba wurinsa ta nufa ba. Wurin Baba ta zo ta sa hanci a rigarsa. Bafillacen ya daina dariya. Na ce masa shi ma ya shiga, ya ƙi, Baba ya kamo hannun rigarsa ya jawo shi. Na juya su yadda hasken la'asar zai faɗo musu daga gefe, na ɗauka har fim ɗin ya ƙare. Muna tsaye garken ya wuce.

Washegari da safe na wanke. Tsaki-tsakin yana nan, bai je ko'ina ba. Amma saniyar ta fito da haskenta, ta rabu da rigar sarai, ana ganin tsagar kunnenta da tabon da ke cinyarta, ana ganin zanen fuskar Baba da haƙoran abokinsa. Baba ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa a kan tabon.

"Nan ƙaya ta yanke ta, shekarar da ta yi haihuwar fari," ya ce. "Ita ce."

Saniyar ba ta sake dawowa Dakoro ba, Baba kuma ya rasu bayan damina biyu. Na ci gaba da aiki da fim na biyu, har na saba da tsakinsa, ko da yake har yau nakan yi kewar na mahaifina. Abin da ranar ta koya mini shi ne na yi zaɓe da kewa, ina neman wanda ya yi kama da abin da na rasa, ban tambayi kaina wa zai tsaya a gaban kyamarar ba. Tun daga lokacin, duk sabon abin da zan ɗora wa amanar mutane, a kan mutanen nake fara gwada shi, tun suna nan.